Haƙoran Jagora

Hajiya Raliatou ce ta fara gani. Da safiyar Litinin ta buɗe zauren ƙungiyar 'yan Nijar, wanda ke ƙasan wani dogon bene a unguwar La Courneuve da ke gefen Paris, ta shiga da bokiti da tsumma don ta kwashe ɓarnar taron sa rana da aka yi jiya. Sai da ta goge rabin ɗakin sannan ta ɗaga kai wajen akwatin gilashin da ke ƙarƙashin hoton Jagora. Jan ƙyallen yana nan a shimfiɗe. Haƙoran ne babu. Salatin da ta saka, har Balaraben da ke sayar da burodi a tsallaken titi sai da ya leƙo.

Jagora dai, ga wanda bai sani ba, shugaban wata jam'iyya ne ta zamanin neman mulkin kai, wanda siyasa ta juya wa baya har ya ƙare kwanakinsa a gudun hijira a birnin Lyon na Faransa. Mutanenmu ba sa kama sunansa na yanka, Jagora kawai suke cewa. Da ya rasu aka kai gawarsa gida. Abin da ya rage wa 'yan uwa a nan shi ne hoto guda, da haƙoransa na sakawa, sama da ƙasa, masu 'yar wushirya a tsakiya, waɗanda aka tarar cikin kofi a ɗakin da ya cika. Shekara ashirin da wani abu ke nan ana tsayawa gabansu ana yi masa fatiha.

Kafin azahar labari ya game Faransa, har wani ɗalibi a Kanada ya bugo waya yana jaje. Kafin la'asar kuwa an sami ɓarawo, ba tare da kowa ya tashi daga kujerarsa ba. Ɗanyaro ne.

Ibrahim Khalil sunansa, Bazazzagi, yana karatun likitan haƙori a Lyon, kuma shi ne aka sa wa rana jiya da Fatsima, ɗiyar Baba Saley. A gida ango ba ya zuwa wurin sa ranarsa, amma shi a nan ba uba ba kawu, dole ya zo da ƙafarsa. Da ya zo ɗin ma ina ma ya kama bakinsa! Ana tsakiyar rabon goro ya kanga fuska a jikin gilashi, a gaban surukai, ya ce, "Kai, ai wannan roba ce. A ba ni aro in kai makaranta mu duba." Roba fa ya ce. Alhaji Mamadu, shugaban ƙungiya, tun a lokacin ya haɗe rai bai sake dariya ba.

Alhaji Mamadun ne ya kira Abdul'aziz, wani matashi ɗan ƙungiyar, a waya yana wurin aiki.

"Jikan mai sawu, aiki ya same ka."

"Alhaji, ni fa taswirar bututun ruwa nake zanawa a na'ura."

"Abin a jininka yake. Ka ji ni da kyau. Ranar Lahadi muna taro. In ba su fito ba, komisariya za ni, wurin 'yan sanda, da sunan yaron nan, kuma mu ba mu ba ɓarawo ɗiya. Voilà."

Ya kashe waya. Abdul'aziz ya zauna ya yi tagumi. Gaskiya ne kakansa ya yi suna a arewacin Dakoro, in an saci raƙumi shi ake tasowa ya bi sawu, kuma ya koya masa abin da ya koya masa. Amma can rairayi ne. Nan kuwa, tun da ya taɓa gano wa wani ɗalibi kekensa da aka sace, wanda a gaskiya ɗalibin ne ya manta inda ya ɗaure shi, sunan ya manne masa. Da wani ne da ya ƙi. To amma gidan Baba Saley ne ya riƙe shi sa'ad da ya fara zuwa Lyon karatu, Fatsima ƙanwa ce a wurinsa, kuma shi da kansa ya kai Ɗanyaro gidan ya ce yaron kirki ne. In auren nan ya mutu, a wuyansa zai mutu.

* * *

Sawun farko da ya tarar a zauren na tsumman Hajiya Raliatou ne. Rabin ɗaki fes, ɗaya rabin kuwa takalman mutum arba'in sun tattake juna a kan tayil. Kakansa ma da ya zo nan da sai dai ya nemi kujera.

Ba a fasa gilashi ba, ba a lanƙwasa kwaɗo ba.

"Hajiya, wa ke riƙe da makullin?"

"Sirri ne, ɗana. Alhaji kaɗai."

"Ina yake aje shi?"

"Bayan hoto mana, a kan ƙusa. Kowa ya sani."

Abdul'aziz ya lumshe ido ya buɗe. Ya tambaye ta ko akwai wanda zai so ya sayar da su, sai ta dube shi kamar ya tambayi ko ruwa na jiƙa mutum. Ai zinariya ce zalla, in ji ta, aka shafa mata farin fenti don kada 'yan mulkin mallaka su ƙwace. Wani tsoho da ya shigo kallo ya ce sam, hauren dorina ne, masuntan Gaya suka ba shi kyauta. Wani ɗalibin lissafi, mai digiri biyu, ya rage murya ya ce shi dai abin da ya ji, likitan da ya yi su ya dasa 'yar na'ura a ciki, duk abin da Jagora ya faɗa ana ji a Paris, shi ya sa a ƙarshen rayuwarsa ya daina magana. Abdul'aziz ya rasa ma abin da yake nema, zinariya ce, ƙashi ne, ko rediyo.

"Wanda nake tausayi Saley ne," in ji Hajiya Raliatou, tana matse tsumma. "Kai ba ka san shi da ba. Saurayi kyakkyawa, fara'a, ga wushirya. Shi ya yi jinyar Jagora, ɗaki guda suke kwana. Ranar da Jagora ya cika, baƙin ciki ya zubar masa da haƙora kaf, wayewar gari guda. Da idona na gani, bakinsa ya lotse. Amana ke nan! Har wushiryar tasu iri ɗaya, don ka san Allah ne ya haɗa su."

Abdul'aziz ya sha jin wannan labari, tun yana sabon zuwa. Ya gyaɗa kai kawai ya ci gaba da leƙe-leƙe. A kan dakalin taga, bayan labule, ya tsinci wani abu da ya sani sarai: murfin gwangwanin kifi da aka huhhuda da ƙusa, ya yi ja saboda daɗewa. Magurjin goron Baba Saley ne. Tsohon ba ya iya tauna, sai dai ya gurza goro a kai ya zuba garin a baki, kuma ko masallaci za shi yana cikin aljihunsa.

"Wayyo, tsufa," in ji Abdul'aziz. Ya sa shi a aljihu, da niyyar in ya je Lyon ya kai masa abinsa.

* * *

Ranar Talata wani ya rantse masa cewa an ga haƙoran a unguwar Barbès da ke cikin Paris. Ya tafi bayan tashi daga aiki, ya kutsa cikin cunkoson da ke ƙarƙashin gadar jirgin metro, masu sayar da taba na ta raɗa masa a kunne, har ya kai wani shagon gyaran waya. Mai shagon, Abdulhamid, mutumin Maraɗi ne, gyaran waya a gaba, laya da turare a baya.

"Haƙorin Jagora?" Abdulhamid ya dubi ƙofa, ya jawo wata 'yar jaka. "Guda nawa kake so?"

Abdul'aziz ya miƙa hannu. Har an ɓaɓɓalle su? Mutumin ya zazzage masa a tafin hannu. Dogaye ne, rawaya, masu faɗin kai. Abdul'aziz ya juya ɗaya da yatsa, ya ji dariya da takaici sun taso masa tare.

"Malam, wannan ai na tunkiya ne."

"Na tunkiyar da Jagora ya taɓa shafawa ne," in ji Abdulhamid, ko kunya babu. "Ɗalibai na saye in za su kare digiri. Ka sa a aljihu, magana ta yi ta zubo maka. Ai na gasken itacen gawo ne, daga garinsu aka sassaƙo, kowa ya san wannan. Ni mi zan yi da itace?"

Zinariya, dorina, rediyo, yanzu kuma gawo. Abdul'aziz ya fito kansa na juyawa, ya shiga metro ta ɓangaren da ba nasa ba, sai da ya wuce tasha uku ya farga.

* * *

Ranar Juma'a ya ɗauki hutu ya hau jirgin Lyon. Ya sami Ɗanyaro a wani ɗan shagon shayi kusa da makarantarsu, ya rame, gemu ya tsiro masa ba tsari.

"Wallahi Yaya, ban taɓa su ba. Me zan yi da su? Muna da irinsu cike da durowa a lab, ɗakin gwajinmu."

"To mi ya kai bakinka?"

"Gaskiya na faɗa. Roba ce, irin wadda kowane ƙaramin asibiti ke yi a wancan zamani. Ba zinariya, ba dorina. Ni na ɗauka za su ji daɗi in an duba an faɗa musu tarihinsu." Ya share fuska da hannu. "Yanzu Fatsima ba ta ɗaukar wayata. Baban kuma na je gaishe shi an ce yana kwance. In Alhaji ya kai sunana wurin 'yan sanda, ko an wanke ni daga baya, wa zai ba ni 'yarsa?"

Abdul'aziz ya kafe shi da ido. Kakansa ya ce ɓarawo yakan yi saurin ba da amsa. Wannan kuwa yana da saurin amsa tun ranar da aka haife shi, don haka gwajin bai amfana komai ba.

"Bari in tambaye ka. Ana cewa duk wanda ya sa su zai iya magana irin ta Jagora. Wani zai iya sata don ya saka?"

Ɗanyaro ya yi dariyar farko a ranar. "Ya saka a ina? Yaya, ba takalmi ba ne. A kan dasashin mutum ake zuba su, bakin wani ba ya shiga na wani, ko 'yan biyu ne. Mai su ma in ya daɗe bai saka ba dasashi yakan janye, su yi ta girgiɗi, sai an sa ɗanko daga farmasi."

Wannan ƙofa ma ta rufe ke nan. Abdul'aziz ya biya kuɗin shayi ya tashi, bai san ya fi yarda da yaron ba ko ya fi zarginsa.

* * *

Daga metro ya shiga bas zuwa Vaulx-en-Velin, unguwar su Baba Saley. Benen nan na da, hawa na huɗu, ƙamshin daddawa tun daga matakala. Fatsima ta buɗe masa, idanunta sun kumbura. Tun rasuwar mahaifiyarta ita da tsohon kaɗai ne a gidan.

"Yaya, sannu da hanya. Yaya, ka faɗa mini gaskiya, shi ne?"

"Ban sani ba tukuna."

"Baba ya ƙi cewa komi. Tun da muka dawo daga Paris yake kulle kansa a banɗaki, ina jin shi yana magana shi kaɗai. In na tambaya ya ce addu'a yake."

Baba Saley na zaune a kan darduma a falo, ya jingina da kujera. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida, aiki, sanyi, mutanen Paris ɗaya bayan ɗaya. Maganar tsohon kamar kullum, rabinta iska, sai wanda ya saba ke tsinta. Bai ko dubi Abdul'aziz a ido ba.

"Uwata, kawo wa yayanki ruwa," ya ce da Fatsima. Sunan mahaifiyarsa ta ci, ga ta 'yar fari, don haka ba a taɓa jin sunanta a bakinsa ba.

Abdul'aziz ya ciro murfin gwangwanin. "Baba, kun bar wannan a zaure."

Tsohon ya dube shi jim, kamar abin wani ne. "A'a. To. Madalla." Ya karɓa ya tura ƙarƙashin darduma.

Abin ya tsaya wa Abdul'aziz a rai. Ya zauna gidan nan shekaru, ya san ranar da murfin nan ya taɓa faɗawa bayan firiji, sai da aka tayar da gidan duka. Yau kusan mako guda babu shi, mutumin bai ko buga waya ya tambaya ba?

Ya nemi izinin yin alwala. A banɗaki, a kan ɗan kanta kusa da madubi, akwai faranti da farin goro guda a ciki. Ba a ɓare shi ba, ba a gurza shi ba. An dai cije shi, an kasa gutsura, an bari. Wurin cizon ya yi ja.

Abdul'aziz ya manta da alwala. Ya ɗauki goron ya kai bakin taga, ya karkata shi yadda haske zai bugo daga gefe, kamar yadda kakansa ke durƙusawa ya sa rana a gabansa in zai karanta ƙasa. Ga sawu nan ɓaro-ɓaro. Haƙora jere, lafiyayyu, daidai wa daida fiye da na ɗan Adam. Tsakanin manyan biyu na gaba akwai wani siririn tudu da ba a taɓa ba. Kuma sawun ya zame gefe, kamar ƙafar da ta taka laka ta sulluɓe.

Fatsima ba ta da wushirya, ba ta cin goro. Ɗanyaro bai shigo gidan ba. Saura mutum guda, shi kuma ba shi da haƙori ko ɗaya.

Ya sa goron a aljihu ya fito. Da zai tafi ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, jibi Alhaji zai kai yaron nan komisariya."

Baba Saley ya yi ta jan carbi. Can ya ce, "Allah shi kyauta."

A jirgin komawa Abdul'aziz ya yi ta jujjuya goron. Wanda ya ɗauka dai ya san shi, kuma sanin ya fi rashin sanin ciwo. Amma ta yaya? Ɗanyaro ya ce bakin wani ba ya shiga na wani. Ko dai yaron bai san aikinsa ba, ko kuwa mai laya na Barbès ne ke da gaskiya, haƙoran suna da abin da suke da shi. Akwai amsa ta uku, tana ta leƙo shi tun daga Lyon har Paris, shi kuwa yana kau da kai, don in ita ce, to shekara ashirin da wani abu mutane na yi wa wa fatiha?

* * *

Ranar Lahadi bayan azahar zauren ya cika har ƙofa. Alhaji Mamadu a gaba da babbar riga, Hajiya Raliatou da mata a gefe guda, Fatsima a cikinsu ta sunkuyar da kai. Abdulhamid na Barbès ma ya zo, an ce masa shi ma ana zarginsa, ya ji daɗin hakan ƙwarai. Ɗanyaro na zaune shi kaɗai, kujerun da ke kusa da shi ba kowa. Baba Saley ya shigo a ƙarshe, da farin rawani, ya ja amawali ya rufe baki, ya zauna can baya.

"Bon," in ji Alhaji Mamadu. "Jikan mai sawu, muna jin ka. Ina ɓarawo?"

Abdul'aziz ya tashi. Ya aza goron a kan teburi, gaban akwatin da ba komai.

"Wannan mi ne ne? Goro muka aike ka nema?"

"Sawu ne, Alhaji. Haƙoran da ke cikin akwatin nan su suka ciji goron nan. Ga wushiryar, kowa ya zo ya gani."

Aka yi caa a kan teburi. Wani ya ce tabbas ita ce, wata ta ce a'uzubillahi, Jagora ya dawo yana cin goro. Ɗalibin lissafi ya ce a yi hankali da abin da ake faɗa, ƙila na'urar na aiki har yanzu.

"Wanda ya cija," in ji Abdul'aziz, ya ɗaga murya, "ba yaro ba ne. Mutum ne da ya daɗe rabonsa da cizo, har ya manta yadda ake yi. Haƙoran sun yi masa girgiɗi, sun zame, ya haƙura ya aje. Kuma ba Ɗanyaro ba ne, don nasa talatin da biyu na nan a bakinsa, ku duka kun gan su ranar da ya yi muku rashin kunya."

"To wane ne? Faɗi suna!"

"Kakana ba ya faɗin suna, Alhaji. In ya bi sawu ya kai ƙofar gida, sai ya ja layi da sanda ya koma gefe ya zauna. Masu gida su ke fitowa da kansu. Ni ma na kai ƙofa."

Ya zauna. In tsohon ya yi shiru fa? To shi ke nan, sai ya zaɓa tsakanin mutumin da ya ciyar da shi da yaron da ba shi da laifi, a nan, gaban kowa.

"Wasa ke nan!" Alhaji Mamadu ya buga teburi. "Ba suna, ba haƙora. Yaro, tashi mu tahi komisariya."

Ɗanyaro ya miƙe. Fatsima ta toshe baki da mayafi.

Sai aka ji kujera ta yi ƙara a baya. Baba Saley ya taho a hankali, mutane na darewa, har ya iso gaban akwatin. Ya sa hannu ya sauke amawali.

Kumatun da aka sani a lotse sun ciko. Ya buɗe baki, ga su nan farare, ga wushirya.

"La'ilaha illallahu!" Hajiya Raliatou ta dafe ƙirji. "Sun koma wurin mai amana! Da kansu suka tahi!"

"Karama ce!" in ji Abdulhamid, har ya fara lissafin abin da zai faɗa wa ɗalibai.

"Ba karama ba ce, Raliatou," in ji Baba Saley. Muryar ta fito tas, wata murya da rabin zauren bai taɓa ji ba. "Nawa ne."

Ya dafa teburi ya ci gaba.

"Nawa na haihuwa a gidan kaso na baro su, a kan Jagora aka zubar mini da su, ina saurayi. Da muka zo Lyon shi ya kai ni aka yi mini waɗanga, ya ce a sa mini wushiryata yadda take. Ban faɗa ma kowa ba, saurayi ne ni, ina neman aure. Shi kuwa Jagora da haƙoransa na Allah ya mutu, ranar jajibirin rasuwarsa ma ƙashin kaza ya tauna. Da asuba ya cika, ban ko tuna da kofina ba. Manya suka shigo, marigayi Alhaji Babba ya ɗauki kofin ya rungume yana kuka, yana cewa ga abin da ya bar muna. Ni ƙaramin kowa, in buɗe baki in ce Alhaji nawa ne? Na ce bari a yi kwana biyu. Kafin kwana biyu an yi akwati. Kafin bakwai an ce baƙin ciki ya zubar mini da haƙora, mutane na zuwa suna shafa kaina. In na je na yi sabbi, sai a ce Saley ya manta da Jagora."

"To don mi yanzu?" in ji Alhaji Mamadu. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Don mi ba ka zo ka same ni ba?"

"Kunyar da ta hana ni da, ita ta hana ni yanzu. Har na kusa barin yaron nan ya tahi a kaina, Allah shi yafe mini." Ya juya wajen Ɗanyaro, sannan ya dubi ƙasa. "A nan ba ni da wa, ba ni da ƙane. Ranar ɗaurin aure ni ne waliyyi, dole in kama sunan ɗiyata gaban shaidu. Na gwada da bakin nan nawa, iska kawai ke fita. Kuna cewa alkunya ce ta hana ni kiran sunanta. Har da alkunya. Amma ko a ɗaki ni kaɗai, tun ranar sunanta, bai taɓa fita daidai ba."

Alhaji Mamadu ya dubi akwatin, ya dubi hoton Jagora mai rufaffen baki, ya dubi Saley. Ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar.

"To mu," ya ce, ba da kowa ba, "duk shekarun nan, mi muke yi?"

"Ai ni dama na ce wushiryar iri ɗaya ce," in ji Hajiya Raliatou, tana share hawaye.

Abdul'aziz bai yi dariya ba. Yana kallon tsohon, wanda ya sa babban yatsa ya danna haƙoran sama, don sun fara zamewa. Ya gyara tsayuwa, ya fuskanci jama'a kamar yadda ya yi mako guda yana fuskantar madubin banɗaki.

"Ranar ba ta zo ba tukuna," ya ce, "amma ku ji da kunnenku, kada su sulluɓe mini ranar. Ni Saley, na ba Ibrahim Khalil auren ɗiyata, Fatsima."

Sunan ya fito cif, ba ragi. Mata suka saki guɗa, Ɗanyaro ya zube a kan gwiwoyinsa. Fatsima kuwa ta ɗago kai tana waige-waige cikin mutane, tana neman wanda ya kira ta. Sai da Hajiya Raliatou ta kama haɓarta ta juya ta wajen ubanta.

"Baba," ta ce, "sake faɗa."